Kejin Ƙarfe A Cikin Mota: Darasi Ga Masu Waldar Kwantagora

A wannan mako filinmu zai yada zango a Kwantagora ta Jihar Neja, garin Umaru Nagwamatse. Duk wanda ya taso daga Ikko ya nufi Sakkwato ta Ilori da Jebba da Mokwa, nan zai ratsa kafin ya kama hanyar Yawuri. Nan kuma hanyar Tegina ta zo ta haɗe, nan ta Rijau da Zuru ta ɓalle. Garin da hanyoyi suka haɗu haka kuwa ba ya rasa kanikawa da fanabitoci da masu walda, domin motar da ta sha gargada da ramuka ba ta isowa sai da ƙorafi a bakinta.

Akwai wani aiki da waɗannan masu sana'a suka gwanance a kai, watau ƙara wa mota ƙarfi. Mai a-kori-kura zai kawo sabuwar motarsa a ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku a baya, a ɗaura mata firam na bututu bisa bodi, a manna faranti a inda ake tsoron casis zai tsage. Mai ƙaramar motar haya shi ma zai sa a ɗaga mata baya, a ƙarfafa but, don ta ɗauki buhunan masara da wake a kan fasinjan da ta riga ta cika da su. Ba mu raina wannan aiki ba. Hannun da ya iya shi hannu ne mai albarka, kuma da shi ake kai amfanin gona kasuwa.

To, amma akwai wasu mutane a duniya waɗanda su ma sana'arsu ke nan, ƙara wa mota ƙarfi, su ne masu shirya motocin tsere. Kayan aikinsu da na mutanenmu kusan ɗaya ne: bututu, faranti, wuta, guduma. Inda aka rabu shi ne niyya. Namu suna ƙarfafa mota domin kaya, su kuwa suna ƙarfafa ta domin mutumin da ke zaune a ciki. Wannan bambanci na niyya shi ke nuna inda za a sa kowane guntun ƙarfe, kuma shi muke so mu duba yau.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar tsere maganar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. Motar nan Peugeot 504, wadda muka sani da suna Fijo, wadda aka fara harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna a 1975, a wannan shekara ɗin ce ta cinye tseren Safari na ƙasar Kenya a hannun wani direba mutumin Suwidin mai suna Ove Andersson, bayan tafiyar fiye da kilomita 5,000 cikin ƙura da taɓo. A shekarar dai ta ci tseren Maroko, ta kuma ci na Bandama a ƙasar Kwaddibuwa. A 1978 wata ƙanwarta mai ƙofa biyu da babban inji ta sake cin Safari a hannun Jean-Pierre Nicolas. Tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ta Agadas da Yamai ya bi, watau ta bayan gidanmu. A nan gida ma tseren motoci yana cikin wasannin da aka haɗa da bikin kamun kifi na Argungu, kuma da aka farfaɗo da bikin a 2020 an tayar da ayarin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya tun daga Abuja har Argungu. Saboda haka hanyoyin da aka gwada wannan ilimi a kansu irin namu ne, motocin ma irin namu ne.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, ginin mota iri biyu ne. Manyan motoci, da irin su Land Cruiser da Hilux, suna da casis daban, dogayen ƙarafa biyu masu kama da tsani, bodi kuma an ɗora shi a kai an ɗaure. Ƙananan motoci kuwa, har da 504 mai ƙofa huɗu, ba su da wannan tsani. Bodin shi ne casis. An lanƙwasa fallayen ƙarfe marasa kauri, an haɗa su da ɗigo-ɗigon walda dubbai, har suka zama akwati guda mai riƙe inji da ƙafafu da fasinja. Rufi da ginshiƙan ƙofa da daɓen ƙasa, kowanne yana ɗauke da rabonsa na nauyi. Wanda ya yanke rufin irin wannan mota don ya mai da ita a-kori-kura, ya sani ƙashin bayanta ya karya, ko da ta ci gaba da tafiya.

In irin wannan mota ta shiga gargada da gudu, ƙafa ɗaya ta faɗa rami ɗaya tana kan tudu, sai akwatin nan ya riƙa murɗewa kamar ana matse wanki. Ido ba ya gani, amma ɗigon waldan nan suna ji. Yau ɗaya ya saki, gobe biyu, har a wayi gari ƙofa ba ta rufuwa sai da duka, gilashin gaba ya tsage ba tare da dutse ya same shi ba, sitiyari kuma ya fara yi wa direba gardama. Don haka masu shirya motar tsere sukan fara da tuɓe ta tsirara. Su cire inji da kujeru da wayoyi da tanki, su kankare fenti da ƙaron da ke cikin haɗe-haɗe, sa'an nan su bi kowane haɗi da walda irin ta ɗinki: a yi kamar inci guda, a tsallake, a sake yi. Ba sa jan wuta ɗoɗar daga wannan kai zuwa wancan, domin zafi yakan karkatar da fallen ƙarfe, kuma in tsaga ta kama waldar da ba ta da yanke, bi za ta yi har ƙarshe. Suna yin kaɗan a hagu, su koma dama, su bar wuri ya huce. Daga nan sai su ninka faranti a mazaunin shokozoba, inda duk dukan hanya yake sauka, su haɗa mazaunin hagu da na dama da sanda ta bisa inji, su sa garkuwa a ƙarƙashin kaskon baƙin mai saboda duwatsu.

Duk wannan share fage ne. Babban aikin shi ne kejin ƙarfe da ake ginawa a cikin ɗakin motar. Siffarsa ba wuya. Akwai babban baka na bututu guda, ba gami, wanda ya tashi daga daɓe a bayan kafaɗar direba, ya bi rufi, ya sauka a ɗaya gefen. Akwai ƙafafu biyu na gaba da suka bi ginshiƙan gilashi suka sauka kusa da ƙafar direba da ta abokin tafiyarsa, an haɗa su da sanda ta saman gilashi. Akwai tokara biyu da suka tashi daga saman bakan suka gangara baya. Ƙafa shida ke nan a kan daɓe. Sai gicciye a cikin bakan, da gicciye a rufi, da sanduna a bakin kowace ƙofa.

Gicciyen nan shi ne asirin abin, kuma kowane kafinta ya san shi. Haɗa katako huɗu ka yi ƙyaure, ka rataye shi, kafin damina ta fita ya sunkuya. Buga masa katako ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya tsaya cak. Mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa ba tare da wani gefensa ya karye ba, amma mai kusurwa uku ba ya sauya siffa sai gefe ɗaya ya tsinke ko ya lanƙwashe. Yawancin firam ɗin da muke gani bisa a-kori-kura a tashoshinmu murabba'i ne zalla, ba gicciye ko ɗaya. Yana riƙe tamfol, yana tare buhu, amma ranar da motar ta kife, kwantawa zai yi gefe guda tare da duk wanda ya dogara da shi.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, mai hedkwata a birnin Faris, ba ta bar wannan aiki ga ƙiyasin mai walda ba. Ƙa'idar da ta shimfiɗa wa kejin da aka ƙera da hannu ta ce bututun ya zama na ƙarfe marar ɗinki, wanda aka ja shi da sanyi. Na babban baka ya kai faɗin milimita 45 da kaurin milimita 2.5, ko faɗin 50 da kaurin 2. Sauran sandunan su kai 38 da 2.5, ko 40 da 2. Ba a lanƙwasa shi da wuta, sai da injin lanƙwasa, kuma gwiwar kada ta yi tsini: zagayenta ya kai aƙalla ninki uku na faɗin bututun, kada ya motse ko ya yi tamoji. Tokarar baya ta kauce wa tsaye da aƙalla digiri 30. Walda ta zagaye bututu kaf, har gefen da ke manne da rufi inda hannu ba ya shiga, abin da ya sa wasu magina sukan huda daɓe su sauke kejin ƙasa su yi waldar saman, sa'an nan su ɗaga shi su toshe hudar.

Sai maganar ƙafafu, wadda a ganinmu ta fi kowacce muhimmanci ga mutanenmu. Daɓen ƙaramar mota bai kai kaurin milimita ɗaya ba a wurare da yawa. In ka tsayar da bututu a kansa kai tsaye, ranar da motar ta faɗo a kan rufinta bututun zai huda daɓen kamar tsinke a takarda, kejin ya nutse, rufi ya biyo shi. Don haka ƙa'ida ta ce kowace ƙafa ta babban baka da ta gaba ta zauna a kan faranti mai kaurin milimita 3, faɗinsa santimita murabba'i 120, watau kamar tafin hannun babban mutum, an manne shi da jikin mota. In da ƙusa za a ɗaura, to, aƙalla uku, masu kaurin milimita 8, irin masu lamba 8.8 a kansu. Keji irin wannan, da duk sandunansa, bai kai nauyin buhun masara guda ba.

A nan ne bututun famfo yake faɗuwa jarrabawa. Shi ne ya fi sauƙin samu a kasuwa, shi ne kuma mai araha, amma an yi shi ne domin ruwa. Falle ne aka naɗe aka ɗinke, in ya sha duka yakan buɗe ta wajen ɗinkin. Farin da ke jikinsa kuwa tutiya ce, wadda take ɓata walda, hayaƙinta kuma yana sa mai walda zazzaɓi da ciwon ƙirji. Wanda ya yi keji da shi ya yi ado ne kawai, kuma adon da zai sa yaro ya ƙara taka mota yana zaton yana da kariya ya fi rashinsa sharri.

Yanzu bari mu zo kan abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Masu tsere suna ƙarfafa ɗakin da mutum yake zaune, amma ba sa son gaba da bayan mota su zama dutse. Wani injiniya na kamfanin Mercedes-Benz mai suna Béla Barényi shi ya fito da wannan tunani, aka yi masa rajista a 1952, aka fara sayar da motoci a kan tsarinsa a 1959. Ya lura cewa in mota ta yi karo, ƙarfin gudun nan dole ya sami inda zai tafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a, in ta daki abin da ba ya motsi, daidai take da wadda aka sako daga tsawon mita 25. In gudun ya kai 100, tsawon ya kusa mita 40. In hancin motar ya motse a hankali kamar gwangwani, shi ya sha dukan. In kuwa an cika shi da reluwe da ƙarfen kwana har ya ƙi motsewa, to, dukan zai wuce kai tsaye zuwa ƙirji da wuyan na ciki. Sau nawa muka ji ana yabon wata mota ana cewa ta yi karo ko lotsawa ba ta yi ba, alhali mutanen cikinta an kai su makwanci? Wannan katangar ƙarfe da ake ɗaura wa motoci a gaba, mai ita yana ganin ya tsare fitila da lagireto, bai san ya sayar da haƙarƙarinsa ba ne, balle mai tafiya a ƙasa da za ta ɗauka.

Haka kuma keji shi kaɗai ba ya ceton kowa. Sa ƙwai a cikin gwangwanin madara ka jefar, gwangwani zai tashi lafiya, ƙwai kuwa sai dai a zubar. Ɗan tsere yana zaune ne a kujera mai rungume jiki, an ɗaure shi da ɗamara mai harshe biyar ko shida, kansa da hular kwano, sandunan da ke kusa da kansa kuma an naɗe su da abin tausasa duka. Abubuwa biyu da suka faru sun isa misali. A 1985, a tseren Ajantina, motar Ari Vatanen, mutumin Finlan, ƙirar Peugeot 205, ta yi ta ƙundumbala a kan matsanancin gudu. Kujerarsa ta tsinke daga mazauninta, ya riƙa gwaruwa a cikin motar, ya karye a wurare da dama, da ƙyar ya sha. Sai a 1987 ya dawo da ƙarfinsa ya ci tseren Dakar. A watan Janairu na 1988 kuma, a hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, wata babbar motar tsere ta kamfanin DAF mai inji biyu ta kife ta yi ta mirginawa. Mutum uku ne a ciki. Biyu sun tsira da raunuka, amma Kees van Loevezijn, mutumin Holan, kujerarsa ta tumɓuke ta fita da shi, ya mutu nan take, kamfanin kuma ya janye daga tseren. A duka biyun, ƙusoshi da mazaunin kujera su suka ci amana. Mai karatu ya tuna da wannan in ya shiga motar haya ya ga bencin da aka ƙara a tsakiya an ɗosana shi da ɗigon walda biyu.

Saboda haka muke jan kunnen samarin nan masu wasa da mota a wajen biki, waɗanda wasunsu suka fara sha'awar sa keji don motarsu ta yi kama da ta 'yan tsere. A motar da ake hawa kullum ba hular kwano, sandar ƙarfe kusa da kai makami ce. Ƙaramin karon da da ba zai yi kome ba, sai ya fasa ƙoƙon kai. Wanda ke son tsere ya nemi fili killatacce, ya yi shiri cikakke. Titin gari kuwa na kowa ne, har da yara da tsofaffi.

Mu koma kan masu kaya, tun da su ne suka fi yawa a hanyar Kwantagora. Ƙarin ganyen sifirin yana hana mota zama a kan taya, gaskiya ne, amma bai ƙara wa birki kome ba, bai ƙara wa taya ko aksul kome ba. Abin da ya yi kawai shi ne ɓoye alamar da motar take bayarwa cewa kaya sun yi mata yawa. Kayan da aka jibga a sama kuma suna ɗaga cibiyar nauyi, har kwanar da mota za ta sha lafiya ta zama wurin kifewa. Shi kuwa casis ɗin babbar mota, da yawa daga cikin masu ƙera shi sun hana a huda ko a yi walda a leɓensa na sama da na ƙasa, domin nan ne nauyi ya fi ja, kuma wuta tana kashe ƙarfin da aka dafa ƙarfen da shi. In za a yi masa ƙari, a jikinsa na tsaye ake yi, da faranti mai tsinin kai kamar kifi, yadda ƙarfi zai ragu sannu a hankali. Faranti mai yankan murabba'i yakan mai da tsaga ne zuwa bakinsa, bayan wata kaɗan a dawo gareji.

Akwai kuma wata sabuwar matsala da ba a san ta ba a zamanin 504. Motocin yanzu, ginshiƙan ƙofarsu da gefen rufinsu an yi su ne da wani irin ƙarfe mai tsananin tauri, marar kauri, wanda aka gasa aka sanyaya a masana'anta. Shi ne kejin da kamfani ya ɓoye a cikin bodi. In fanabita ya sa masa wutar kabaid har ya yi ja don ya miƙe shi, zai miƙe, fenti zai rufe, amma taurin ya tafi ba dawowa. Motoci da yawa da ake shigowa da su bayan sun yi haɗari a ƙasashen waje ta wannan hanya ake tayar da su, wasu ma rabin wannan ake haɗawa da rabin waccan. Mai saye ya ɗaga kafet, ya janye robar bakin ƙofa, ya duba. Ɗigon waldar kamfani jere suke daidai wa daida kamar an auna da ma'auni. In ya ga doguwar walda ta ratsa daɓe daga ƙofa zuwa ƙofa, ko ginshiƙi ya yi tudu da kwari a ƙarƙashin fenti, ya mai da kuɗinsa aljihu.

A wajen tsere, kafin a bar mota ta tashi sai masu duba sun bi kejinta gaɓa-gaɓa, sun auna bututu, sun leƙa bayan kowace walda da madubi da tocila, sun girgiza kujera, sun karanta kwanan watan da ke jikin ɗamara. Wadda ta kasa, ko ta wane ne, ba ta shiga. Mu kuwa muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, an kuma tilasta ɗaura bel tun farkon 2003, amma firam da benci da katangar gaba da ake ƙara wa motocin haya, da wuya ka ga an tsaya an duba yadda aka ɗaura su. Muna ganin ƙungiyoyin direbobi da na masu walda na Kwantagora, tare da kwalejin koyon sana'a ta gwamnati da ke garin, za su iya fara wannan da kansu ba sai sun jira Minna ko Abuja ba. Injin lanƙwasa bututu guda ɗaya na haɗin gwiwa, da ma'aunin kauri, da yarjejeniya cewa ba mai sakin firam ba gicciye, ba mai ɗaura benci sai da faranti a ƙarƙashin daɓe da ƙusa mai lamba, sun isa a fara.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba birki da taya, da yadda ake karanta lambobin da ke jikin taya don sanin nauyin da za ta iya ɗauka da shekarar da aka yi ta.